HENRIETTA LEAVITT, KURMAR DA TA AUNA HASKEN TAURARI

Mutane da yawa, sa'anda suka soma bin tafarkin Ubangiji, su kan yi tsammani bautar Allah ba ta cika sai da babban aiki, irin wanda jama'a za su gani su yaba. Manomi ya kan raina fartanyarsa, maɗinki ya raina allurarsa, magatakarda ya raina alƙalaminsa, kowa yana ganin da an sa shi a matsayin da ya fi wannan, da ya nuna irin ban-gaskiyarsa. Waɗansu kuma, idan ciwo ya kama su ya ƙi saki, sai zuciya ta raya musu Allah ya juya musu baya, ba su da sauran amfani. Domin irin waɗannan 'yan'uwa aka rubuta labarin nan. Labari ne na wata mace kurma, 'yar mai-wa'azi, wadda ta yi shekaru tana zaune gaban alluna na gilashi tana auna ɗige-ɗige a kan lada kaɗan. Amma daga cikin aikin nan nata ne masana suka sami ma'aunin da suka gane faɗin sammai da shi.

I. GIDAN DA TA FITO

An haifi Henrietta Swan Leavitt ran 4 ga watan Yuli, 1868, a wani ƙaramin gari mai-suna Lancaster, cikin jihar Masacusets ta ƙasar Amurka. Ubanta George Roswell Leavitt makiyayin ekklesiya ne, uwarta kuwa sunanta Henrietta Swan Kendrick. Kakanninta na wajen uba sun ƙetaro teku daga Ingila tun cikin ƙarni na 17, suna cikin mutanen nan da a ke ce da su Furitan, waɗanda aka san su da tsoron Allah, da tsare ranar sujada, da ƙin almubazzaranci. Ita ce babba cikin 'ya'ya bakwai. Biyu daga cikin ƙannenta sun rasu tun suna ƙanana. Ɗayarsu sunanta Mira, sunan da za mu sake gamuwa da shi cikin labarin nan.

Aikin ubanta ya kai iyalin gari gari. Sa'anda suka koma Cleveland cikin jihar Ohayo, sai ta shiga kwalejin Oberlin a 1885, wadda tana cikin makarantun farko a Amurka da suka karɓi mata da baƙar fata. Daga nan ta komo Kambirij ta Masacusets. A zamanin nan jami'ar Harvard ba ta karɓan mata cikin ɗalibanta, sai aka buɗe musu makaranta dabam a gefenta, wadda daga baya aka sa mata suna Radcliffe. Nan ta koyi Helenanci, da lissafi, da falsafa, da zane. Sai a shekararta ta ƙarshe ta ɗanɗana ilmin taurari, ya kuwa shiga ranta. Ta gama karatu a 1892.

Cikin shekarun nan na ƙuruciya ciwo ya taɓa kunnuwanta, jinta ya yi ta raguwa a hankali a hankali, har ta zama kurma. Ka tuna, mai-karatu, 'yar gidan mai-wa'azi ce, wadda ta tashi cikin waƙoƙin yabo da jin karatun Littafi Mai-Tsarki safe da yamma. Duk da haka ba ta bar ekklesiya ba, ba ta kuwa bar aiki ba. Ƙofar kunne ta rufe, sai ta ba da ƙarfinta duka ga ido.

II. ALLUNA NA GILASHI

Harvard tana da gidan duban taurari, shugabansa kuwa a lokacin nan Edward Pickering ne. Shi mutum ne mai-son tattara awo. Ya sa a riƙa ɗaukan hoton sama dare bayan dare a kan alluna na gilashi da aka shafe da magani, har alluna suka taru dubbai bisa dubbai. Da shi ke akwai taurarin da ba a iya ganinsu sosai sai daga kudancin duniya, ya kafa wani gidan duba a Arekipa, kan duwatsun ƙasar Peru. Daga can a kan ɗaure alluna cikin akwatuna, a sa su jirgin ruwa zuwa Amurka. Amma hoto ba ya karanta kansa. Saboda haka Pickering ya ɗauki mata aiki su riƙa duban allunan, suna auna, suna lissafi, suna rubutawa. Sunan nan kwamfuta, da a ke kiran na'ura da shi yau, a lokacin nan sunan mutum ne mai-aikin lissafi. Da shi a ke kiran matan nan.

Henrietta ta fara aiki a gidan nan bisa son ranta, ba lada. A 1896 ta bar shi, ta yi tafiya zuwa Turai, sa'annan ta zauna tare da iyayenta a Beloit cikin jihar Wiskonsin, inda ubanta ya ke kiwon ekklesiya. Amma aikin da ta bari bai ƙare ba yana damunta. A 1902 ta rubuta wa Pickering takarda tana neman hanyar ƙarasa shi. Shi kuwa, da ya riga ya san hannunta, ya kira ta aiki sosai, ya yanka mata santi 30 a awa, gama santi 25 a kan biya yawancin matan. Santi 100 ne dala ɗaya.

Ga yadda aikin ya ke. A kan jingina allon gilashi a kan katako, haske yana shigowa ta bayansa. A kan allon nan sama fara ce, taurari kuwa baƙaƙen ɗige-ɗige ne kamar an watsa barkono. Tauraro mai-haske ya kan bar babban ɗigo, mai-duhu ya bar ƙarami. Sai ta ɗauki madubin ƙara girma, ta gwada ɗigo da maƙwabtansa, ta yanke masa daraja, ta rubuta cikin littafi, ta wuce ga na gaba. Allo ɗaya ya kan ɗauki taurari dubbai. Ita ba ta hau dutse ta kama babban madubin taurari ba, gama a zamanin nan aikin maza ne a ke ɗaukansa. Da rana ta ke duban sama, a cikin ɗaki, bisa tebur.

III. TAURARI MASU-NUMFASHI

Wanda ya ɗaga kai da dare ya ga Kaza da 'Ya'yanta yadda kakansa ya gan su, zai ce hasken taurari ba ya sakewa. Ga yawancinsu haka al'amarin ya ke ga ido. Amma akwai waɗanda haskensu ya kan ƙaru, ya ragu, ya sake ƙaruwa. A 1596 wani makiyayin ekklesiya a ƙasar Jamus, David Fabricius, ya ga wani jan tauraro ya bayyana, sa'annan ya ɓace. Daga baya aka gane ya kan komo kowane wata goma sha ɗaya, watau wajen kwana 332, aka sa masa suna Mira, ma'anarsa cikin Latin abin al'ajabi. A 1784 kuma wani saurayi Bature na Ingila, John Goodricke, wanda shi ma kurma ne tun yana ƙarami, ya gane wani tauraro mai-suna Delta Sefi ya kan cika haske kowane kwana biyar da sa'a tara. Daga sunan tauraron nan aka sami sunan dukan danginsa, watau taurarin Sefid. Kwanakin da tauraro ya kan yi daga cikar haske zuwa wata cikar, su za mu kira wa'adinsa.

Masana sun gane dalilin abin daga baya. Tauraro rana ce mai-nisa, tarin iska mai-ƙuna. Cikin irin waɗannan taurari akwai wani shimfiɗin iska kusa da bayansu wanda ya kan tare zafin da ke fitowa daga ciki. Zafi ya taru, ya tura jikin tauraro ya kumbura. Da ya kumbura sai iskar ta huce, zafi ya sami hanya ya fita, nauyin tauraro ya komo da shi ya tsuke. Sa'annan abin ya sake farawa. Kamar numfashi ke nan, ko murfin tukunya mai-tafasa da ke ɗagawa yana komawa.

Domin ta kama irin waɗannan taurari, Henrietta ta kan ɗauki allo biyu na wuri ɗaya a sama, waɗanda aka ɗauka a dare dabam dabam, ɗaya mai-baƙaƙen ɗige, ɗaya an juya shi ya zama mai-fararen ɗige, ta ɗora wannan a kan wancan. Tauraron da bai sake ba, baƙinsa ya kan rufe farinsa daidai. Wanda ya sake kuwa, sai ya tona kansa, gama ɗigo ɗaya ya fi ɗaya girma. Sa'annan sai ta bi shi cikin alluna na watanni da shekaru, har ta fitar da wa'adinsa. Da wannan haƙuri ta gano taurari masu-sakewa wajen 2,400, kusan rabin dukan waɗanda aka sani a zamaninta.

IV. KA'IDAR DA TA GANO

Yanzu sai mu duba wuyar da masana su ke ciki a lokacin. Idan ka hangi wuta da dare cikin daji, ba ka iya rarrabewa ko 'yar fitila ce kusa, ko babbar gobara ce nesa; ido zai ga haskensu ɗaya. Haka taurari su ke. Wanda ya san ainihin ƙarfin wuta, shi zai iya lissafta nisanta, gama haske yana da doka: idan nisa ya ninka biyu, hasken da ke isowa ya kan koma kashi ɗaya cikin huɗu, idan ya ninka uku, kashi ɗaya cikin tara. Amma wa zai gaya wa mutum ainihin ƙarfin tauraro? Masana suna da dabarar auna nisan taurarin da ke kusa ƙwarai, ta wurin duban yadda su kan ɗan goce sa'anda duniya ta ke kewaya rana. Bayan waɗannan kaɗan kuwa, sauran sama duka ba ta da ma'auni.

A sararin kudu akwai wasu farare-fararen abubuwa biyu kamar gutsattsarin gajimare, babba da ƙarami, waɗanda iska ba ta kora su. Turawa suna kiransu Gajimaren Magellan, da sunan matuƙin jirgin ruwan nan na Fotugal wanda ya tashi kewaya duniya a 1519. Ba gajimare ba ne. Garkunan taurari ne masu-ɗimbin yawa. Allunan Arekipa sun kawo hotonsu teburin Henrietta, ta kuwa tarar da taurari masu-sakewa a cikinsu kamar yashi. A 1908 aka buga lissafinta na guda 1,777: 969 cikin Ƙaramin Gajimare, 808 cikin Babba. Cikin waɗannan ta fitar da wa'adin goma sha shida, ta kuwa lura da wani abu, ta rubuta shi cikin 'yan kalmomi kaɗan: waɗanda suka fi haske su ne suka fi tsawon wa'adi.

Me ya sa wannan ya zama babban abu? Ka yi tunanin wani gari da ka ke hange daga nesa ƙwarai. Fitilun garin nan duka, ko na gabas ko na yamma, nisansu daga gare ka kusan ɗaya ne, gama faɗin garin ba kome ba ne a kan tsawon hanyar da ke tsakaninku. Saboda haka wadda ka ga ta fi haske, lalle ita ce ta fi ƙarfi. Henrietta ta gane haka Ƙaramin Gajimare ya ke: taurarinsa duka nisansu kusan ɗaya ne daga duniya, don haka bambancin hasken da ta gani a kan allo bambanci ne na ainihi.

Wani mai-gaggawa da ya buga ganga tun a ranar nan. Ita kuwa ta ga goma sha shida sun yi kaɗan a kafa doka a kansu. Ciwo kuma ya kwantar da ita a ƙarshen 1908, ta koma gidan iyayenta jinya, ba ta dawo ba sai 1910. A 1911 ubanta ya rasu. Cikin dukan wannan ba ta saki zaren ba. Ta ƙara auna waɗansu, suka zama 25, mafi gajeren wa'adi kwana ɗaya da rubu'i, mafi tsawo kwana 127. Da ta jera su a kan takarda, haske a gefe ɗaya, wa'adi a gefe ɗaya, sai suka kwanta a kan miƙaƙƙen layi. Ga ka'idar: duk sa'anda wa'adi ya ninka uku, haske ya kan ninka wajen biyu da rabi. Tauraro mai-kwana tara ya fi mai-kwana uku haske sau biyu da rabi. Mai-kwana 27 ya fi mai-kwana tara haka nan kuma. Dalilin kuwa a fili ya ke ga wanda ya yi tunani: babban tauraro ya fi haske, babban jiki kuma ya fi jinkirin numfashi, kamar yadda zuciyar giwa ta fi ta tsuntsu jinkirin bugawa, lilo mai-doguwar igiya kuma ya fi mai-gajeruwa jinkirin komowa.

Da haka tauraro ya zama mai-faɗin sirrin kansa. Ƙidaya kwanakinsa, ka san ainihin ƙarfinsa; gwada ƙarfin nan da hasken da ya iso idonka, ka san nisansa. Abu ɗaya ya rage, ta kuwa faɗe shi a sarari cikin takardar: sai an auna nisan waɗansu taurari na dangin nan ta wata hanya, kafin ma'aunin ya sami tushe. An buga takardar ran 3 ga watan Maris, 1912. Shafi uku ce kaɗai. Sunan da aka sa a ƙarshenta na Pickering ne. A farkonta aka ambata cewa ita ta shirya bayanin.

V. AIKIN DA AKA ƊORA MATA

Wanda ya tono rijiya ya ga ruwa ya fara tsattsafowa, ya kan so ya ci gaba da haƙa. Amma ba a bar Henrietta ta ba da lokacinta ga ka'idar da ta gano ba. Pickering yana da wata bukata: yana so a zaɓi jerin taurari kusa da tauraron arewa, a auna haskensu daidai wa daida, su zama mudun da dukan gidajen duban taurari na duniya za su riƙa awo da shi. Aiki ne mai-cin rai, gama kowane madubi da irin yadda ya ke nuna ɗigo, kowane allo kuma da irin halinsa. Ita aka danƙa wa. Ta gwada alluna 299 da aka ɗauka da madubai 13, ta daidaita su ɗaya da ɗaya, aka buga aikin a 1917. Masana na ƙasashe dabam dabam suka yi shekaru suna dogara gare shi.

Ba za mu ce an kyauta mata cikin dukan wannan ba. Ladanta bai kai aikinta ba, an kuma hana ta hanyar da aka buɗe wa maza waɗanda ba su fi ta basira ba; masana na baya sun yi baƙin cikin wannan hasara. Amma abin lura shi ne, aikin da ba ita ta zaɓa ba, ta yi shi da kulawa iri ɗaya da wanda ta ke ƙauna. Ba ta riƙe mudu biyu ba, ɗaya na aikin da zai ɗaukaka sunanta, ɗaya na aikin maigida.

Abokin aikinta Solon Bailey, wanda ya rubuta labarinta bayan rasuwarta, ya shaida cewa ita mace ce mai-ɗaukan rai da nauyi, wadda wasannin banza ba su dame ta ba. Mai-ƙaunar danginta, marar-son kai wajen abokai, mai-riƙon addininta da ekklesiyarta da zuciya ɗaya. Ya kuma shaida tana da baiwar ganin abin kirki cikin waɗansu, da fara'a wadda ta sa zama da ita ya yi daɗi. Ashe tsoron Allah da sakin fuska ba abokan gaba ba ne.

VI. RASUWARTA

Henrietta ba ta yi aure ba. Shekarunta na ƙarshe ta yi su tare da uwarta gwauruwa a Kambirij, kusa da wurin aikinta. Pickering ya rasu a 1919. A 1921 Harlow Shapley ya gaje shi, aka naɗa ta shugabar sashen auna hasken taurari. Amma girman nan ya zo da maraice, gama ciwon daji ya riga ya kama cikinta. Ta rasu ran 12 ga watan Disamba, 1921, tana da shekara 53, aka binne ta a makabartar Kambirij cikin danginta, aka rubuta sunanta tare da na ƙannenta Mira da Roswell. Abin da ta bari, da kayan ɗaki, da littattafai, da 'yan takardun ajiya, duka bai kai dala 400 ba. Uwarta ta bar wa.

A 1925 wani babban masanin lissafi na ƙasar Suwidin, Gösta Mittag-Leffler, ya aika mata da takarda, yana so ya gabatar da sunanta domin kyautar Nobel, wadda ta fi kowace kyautar ilmi daraja. Bai ji ta riga ta yi shekara uku cikin kabari ba. Kyautar nan kuwa ba a ba matattu. Yabon duniya ya iso ƙofa, ya tarar mai-gidan ta tashi.

VII. ABIN DA IRIN YA HAIFA

Tun tana da rai, a 1913, Ejnar Hertzsprung mutumin Denmark ya auna nisan waɗansu taurarin Sefid na kusa, ya ba ma'aunin tushen da ta ce yana bukata. Da shi Shapley ya auna garken taurarin da ranarmu ta ke ciki, watau farar hanyar nan da ta kan ratsa sama da dare, ya nuna a 1918 cewa rana ba a tsakiyarsa ta ke ba, tana can wajen gefe.

Sauran babbar gardama ɗaya: ko garken nan namu shi ne dukan halitta, ko akwai waɗansu bayansa? Cikin watan Oktoba, 1923, Edwin Hubble, yana aiki da madubi mai-faɗin inci 100 a kan Dutsen Wilson na Kalifoniya, ya sami tauraron Sefid cikin wani ɗan hazo mai-suna Andiromeda. Ya ƙidaya wa'adinsa, kwana 31 da 'yan sa'o'i. Ya ɗauki ka'idar Henrietta, ya lissafta. Sai ga nisan ya wuce iyakar garkenmu nesa ƙwarai. Gardama ta ƙare: Andiromeda garke ne mai-zaman kansa, irinsa kuwa ba su ƙidayuwa. A 1929 kuma, da taimakon ma'aunin nan, Hubble ya nuna garkunan suna nisantar juna, sararin kansa yana buɗuwa. A 1952 Walter Baade ya nuna taurarin Sefid iri biyu ne, aka gyara lissafin, nisan ya ƙaru. Haske ya kan yi tafiyar mil 186,000, watau kilomita 300,000, cikin sakan ɗaya. Duk da wannan gudu, ya kan yi shekara wajen 160,000 daga Babban Gajimare kafin ya iso mu, wajen 200,000 daga Ƙarami, daga Andiromeda kuwa wajen miliyan biyu da rabi.

Ka'idar ba ta tsaya ga taurarin Sefid ba. Dangin Mira, watau taurari masu-dogon wa'adi, jajaye ne, tsofaffi, waɗanda suka kumbura har faɗinsu ya fi na rana sau ɗaruruwa. Numfashinsu ɗaya ya kan ci kwana 100, ko 300, ko fiye. Ga ido haskensu ya kan hau ya sauka ƙwarai da gaske, har ka'idar ba ta fita sosai. Amma yawancin ƙarfinsu yana fitowa cikin wani irin haske da ido ba ya gani, wanda jiki ya kan ji shi kamar ɗumin garwashi. A 1981 masana biyu a Afirka ta Kudu, Ian Glass da Tom Lloyd Evans, suka auna dangin Mira na Babban Gajimare da irin hasken nan, ta hanyar da ita ta bi, watau duban fitilun gari ɗaya. Sai ga su ma sun jeru a kan layi, mai-dogon wa'adi ya fi haske. Amfanin wannan babba ne, gama taurarin Sefid matasa ne, ba a samunsu sai inda a ke haihuwar sababbin taurari. Dangin Mira kuwa, da shi ke tsofaffi ne, a kan same su cikin kowane irin garke. Da su aka auna nisan waɗansu garkuna maƙwabta, aka gwada da abin da taurarin Sefid suka faɗa, kamar shaidu biyu a gaban alƙali. A 2008, sa'anda aikinta na farko ya cika shekara ɗari, masana suka taru a Harvard, suka nemi a riƙa kiran ka'idar da sunanta. Akwai kuma wani rami a bayan wata da aka sa wa suna Leavitt.

VIII. ABIN KOYI

Na fari, kada ka raina aikin da ke hannunka. Ubangijinmu ya koya mana cikin misalin bayin da aka ba amanar dukiya cewa a kan ƙaramin abu a ke gwada amincin bawa. Sa'anda Henrietta ta ke auna ɗigo na ɗari biyar, ba wanda ya gaya mata wanne ne cikinsu zai buɗe sammai. Da ta yi sakaci da waɗanda ta ga ba su da amfani, da layin nan bai miƙe ba.

Na biyu, ka tsare gaskiya cikin awo da cikin magana. Ta jira shekara huɗu domin kada bakinta ya wuce abin da idonta ya gani, ta kuma faɗi abin da ya rage ba a yi ba. Mai-bi wanda ya ke tauye mudu a kasuwa, ko ya ƙara wa labari gishiri, ya rushe da hannunsa abin da ya ke shaidawa da bakinsa.

Na uku, ciwo ba alamar Allah ya yashe ka ba ne. Kurumta ba ta rabu da ita ba har kabari, jinya kuma ta cinye mata shekaru. Amma abin da ya rage mata, shi ta miƙa, ya kuwa isa.

Na huɗu, ka yi aiki domin idon da ba ya barci. Sunan wani aka sa ƙarƙashin takardarta, kyauta kuma ta zo bayan an rufe kabari. Da domin yabo ta ke yi, da ta mutu da hasara. Amma kai da ka ke da barori, ko 'yan ƙodago, ko almajirai ƙarƙashinka, kada ka mai da haƙurinta hujjar danne hakki. Ka biya ma'aikaci ladansa cikakke, ka ambaci sunan wanda ya yi aiki, mace ko namiji, gama haƙurin wanda aka ƙware ba ya wanke wanda ya ƙware shi.

Gobe da safe, sa'anda ka ɗauki fartanya, ko allura, ko alƙalami, ka tuna da macen nan da allunanta na gilashi. Allah ya ba mu zuciya mai-aminci cikin ƙanƙanen abu, da hannu mai-gaskiya cikin awo, da haƙuri har matuƙa. Amin.